Tutoci Huɗu a Gonar Ƙane

A Tarnich, ƙauyen nan da ya maƙale tsakanin kogin Mosel da dutse, masu suna Ottmar uku ne, amma Mai Tuta ɗaya ne. Shi ne Ottmar Lenartz, gajeren mutum mai faɗin kafaɗa da jan wuya, wanda masu tsokana ke cewa ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo saboda tsayuwa a gangare tun yana ɗan mitsitsi. Ba mugun mutum ba ne, duk garin shaida ne. Bai taɓa cin iyakar maƙwabci ba, ba ya fashin coci, kuma shi ya ɗauko mahaifiyarsu Hedwig ya ajiye a gidansa tun da ƙafafunta suka ƙi. Ciwo ɗaya gare shi a duniya, sunan ciwon kuwa Klemens, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin haushin shi ne da hannunsa ya zaɓo ciwon. Lokacin da mahaifinsu, tsoho Matthes, ya kwanta dama, gonar inabi biyu ya bari. Ɗaya a gindin dutse, mai zurfin ƙasa, ga hanyar mota ta bi ta bakinta. Ɗayar kuma can ƙololuwa, inda sai ka haɗa da hannu kafin ka hau. Ba komai a cikinta sai baƙin dutse falle-falle mai zamewa a ƙarƙashin takalmi, da tsofaffin itatuwan inabi kowanne a jikin turkensa, masu ƙananan 'ya'ya kamar an yi musu rowa. Aka ce babba ya fara zaɓa. Ottmar ko ɗaga kai bai yi ba. A zamanin kowa nauyi yake nema, domin ƙungiyar manoma a sikeli take karɓar inabi, ba ruwanta da ɗanɗano. Ya ɗauki ta ƙasa, ya tumɓuke tsofaffin itatuwan da ke cikinta, ya dasa sabon iri mai cika kwando. Har ya dafa kafaɗar Klemens ran nan ya ce, "Ka yi haƙuri, Auta, ka dai samu wurin shan iska."

Klemens bai damu ba, da ma hankalinsa ba a ƙauye yake ba. Ya bar wa wani maƙwabci gonar ya riƙa lura da ita, ya tafi birnin Köln ya zama direban bas. Ottmar ne ya zauna. Shi ne yankan rassa cikin sanyin da ke fasa leɓe, shi ne ɗauri, shi ne goyon kwando a lokacin kaka. Ya auri Alwine 'yar mai gidan burodi, mace mai ƙarancin magana da yawan gani, suka haifi 'ya'ya mata biyu suka aurar. Gonarsa kuwa fes, ko tsinken ciyawa ba ka gani tsakanin layuka, domin a Tarnich ba a fuska ake karanta mutuncin magidanci ba, a layukan gonarsa ake karantawa. Wannan tsantseni ne ya sa aka ɗora masa tutoci.

Dutsen Tarnich ya fi ƙarfin tarakta, ga fumfuna da ke cin ganyen inabi da zarar ruwa ya haɗu da zafi. Don haka manoma suka haɗa kai suna ɗauko jirgi mai saukar ungulu, ya riƙa zuwa daga watan Mayu har Agusta yana bin dutsen layi-layi yana feshi. Dole a samu mutum ɗaya da zai riga kowa tashi, ya tare hanyoyi, ya kafa jar tuta a duk inda ba a son magani ya sauka, kamar bakin rijiya da wurin amya, sannan ya tsaya a ƙasa da oba-oba yana magana da matuƙi. Aiki ne na sannu da ƙoƙari kawai, amma Ottmar ya riƙe shi tamkar sarauta.

Bayan shekara ashirin da wani abu sai ga Klemens ya dawo, da gemu irin na bunsuru da mata 'yar bakin teku mai suna Dorte, wadda ba ta taɓa ganin inabi a jikin itace ba. Ya karɓi gonarsa. Bai yi mako ba ya samu yayansa a gareji yana wasa almakashi.

"Yaya, alfarma na zo nema."

"In igiya ce ga ta can. In hankali ne, ba a bayar da aronsa."

"Tuta nake so ka riƙa kafa min a kusurwa huɗu, jirgi ya tsallake ni. Na daina maganin kamfani, na daina takin zamani. Masu ba da tambarin shaidar noman da ba magani sun ce sai na shekara uku ba ɗigon magani a ganyena. In kuwa ya ɗiga, ko bayan na samu tambarin ne, a ƙwace shi, in koma farko."

Ottmar ya ajiye almakashin ya dube shi sama da ƙasa. "To fumfunar fa? Wa'azi za ka yi mata ta tuba?"

"Farar wuta da jiƙon ganye. A bayana zan goya in fesa da kaina."

"Wato shayi za ka riƙa ba inabi."

"Kusan haka."

"Allah ya ba da lafiya," in ji Ottmar. "Tuta dai ba ta da nauyi, zan kafa maka."

Garin ya samu abin dariya na shekara da shekaru. Ciyawa ta tashi a gonar ƙololuwa har gwiwa, da furanni ja da ɗorawa. Mata a layin burodi suna cewa da Matthes zai dawo ya gani, baƙin ciki ne zai mai da shi. A shekara ta biyu fumfuna ta cinye wa Klemens rabin amfani. Ottmar ya aika masa da buhun dankali, ya ara masa injin matse inabi, ya kuma tsaya masa a gidan abincin Berta, inda magidanta ke da teburinsu na kowace Alhamis. "Ku ƙyale yaron nan," yake cewa, "birni ne ya ɗan taɓa shi." Gaskiyar magana, ba a taɓa yin lokacin da Ottmar ya ƙaunaci ƙaninsa kamar waɗannan shekaru ba. Tausayi abu ne mai zaƙi a bakin mai yin sa, balle in wanda ake tausayin ɗan'uwa ne da ya ƙi jin shawara.

Sai shekara ukun ta cika, ɗan koren tambari ya fito a bayan kwalba. A gaban kwalbar kuwa kalma ɗaya ce da manyan baƙaƙe: Lenartz. Farar giya ce garai-garai mai ɗan kore-kore, ba ta da yawa, ganga kaɗan ce a shekara. Da farko wani mai gidan abinci a Köln ya ɗauka, tsohon fasinjan Klemens. Daga nan ba wanda ya san yadda aka yi, sai motoci masu baƙuwar lamba suka fara shigowa Tarnich. Gidan Ottmar ne a bakin hanya, don haka shi suke fara tararwa.

"Sannu, Baba. Gidan Lenartz muke nema."

"Kun iso. Ni ne Lenartz."

Sai ka ga fara'a, a kama hannunsa da hannu biyu ana girgizawa, matar ta fara laluben na'urar ɗaukar hoto.

"Ashe kai ne mai giyar nan ta kan dutse!"

"Ƙanina ne."

Nan take hannun da ya riƙe shi zai yi sanyi. "Af, to. Ina ne gidan nasa?"

Haka zai tsaya ya nuna musu hanya, ya bi ƙeyar motar da kallo. Shi da inabinsa ya fi na Klemens yawa ninkin ba ninki, amma a babbar mota ake kwashewa, a gauraya da na mutum ɗari, a sayar a manyan kantuna da sunan da ba na kowa ba. Sunan ubansa kuwa, wanda ya tsare shekara arba'in cikin sanyi da zafi, ga shi can a jikin kwalbar direban bas.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne ba mamaki Klemens bai taɓa neman takin zamani ba, na yayansa ya ishe shi. Ottmar ya koyi tsayawa bayan labule yana duban motocin da suka hau. Ya ji an ce baƙin suna cusa hanci a kofi suna cewa sun ji ƙamshin ɗanyen tuffa da na jiƙaƙƙen dutse, ya ce, "Dutse? Mu da muka tsufa muna haɗiyar ƙurarsa ba mu ji daɗi ba, sai su." In ƙanƙara ta sauka, kafin ya duba gonarsa sai ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwa, kuma shi kansa ya san abin da yake fatan gani. Ranar Lahadi ya durƙusa a coci ya ji kunyar kansa, Litinin ya ɗora daga inda ya tsaya.

Klemens bai san ana yi ba, ko kuma ya sani ya yi kamar bai sani ba, wanda ya fi ciwo. Duk shekara in sabuwar giya ta shiga kwalba, sai a wayi gari da ɗan akwati mai kwalba shida a ƙofar Ottmar, an rubuta a jiki da alli: Na tuta. Ottmar ya ɗauka ya sauka da shi ɗakin ƙasa ya ɗora a kan na bara. Ko ɗaya bai taɓa buɗewa ba.

"Ka buɗe ɗaya mana mu ji abin da ake ta yi wa layi," in ji Alwine wata rana.

"Ba na shan ruwan ciyawa."

"To ka bayar."

"Kyauta ce, ba a kyauta da kyauta."

Ta dube shi, ta ci gaba da feren dankalinta.

Abu ɗaya ne yake riƙe da shi, shi ne tutocin. Duk ranar feshi shi ke hawa ƙololuwa da gwiwoyinsa masu ƙara, ya kafa huɗu a kusurwoyin gonar Klemens. Yana jin haushin hawan, amma yana son abin da hawan ke nufi. A teburin Berta, in an fara yabon Klemens, sai ya jingina da kujera ya buɗe tafin hannunsa. "Giyar nan da kuke ta zuzutawa, a nan take. Ran da na yi barcin safe, shi ke nan an gama." A yi dariya, shi ma ya yi. Da wasa yake faɗa, amma a ransa yana jin cewa kowace kwalba da aka ɗauka zuwa Holan ko Denmak da izininsa ta tafi.

A haka aka zo shekarar da Hedwig ta cika tasa'in, cikin watan Yuli. Ottmar ne ya yi hidimar komai. Ya jera tebura a tsakar gida, Alwine ta kwana biyu tana gashi da suya, ya ɗauko tsohuwar cak daga gado kamar yadda yake yi kullum, ya zaunar da ita a kan kujera ya lulluɓe mata ƙafafu. Giyar ƙungiya ya jera a tebur, wadda akwai ruwan inabinsa a ciki ko da cokali ɗaya ne. Tsohuwa ta kurɓa ta ajiye. Da ma ta daɗe da daina jin ɗanɗano, ko me aka ba ta cewa take babu gishiri.

Klemens bai iso ba sai da aka ci rabin abinci, takalminsa duk ƙasa, da kwalba ɗaya a hammata. Ya sumbaci goshin uwarsa ya ce, "Mama, ki ɗan taɓa wannan, ko leɓe ne ki jiƙa."

Ta kurɓa. Ta riƙe a baki ta daɗe ba ta haɗiye ba. Sai idanunta suka kawo ruwa, ta juya tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman wani.

"Wa ya samo giyar babanku?"

"Ba ta Baba ba ce, Mama," in ji Klemens yana dariya. "Tawa ce, ta bara."

"Kai, rufe min baki. Na shekara talatin ina wanke kofin mutumin nan, ni za ka gaya wa? Rabona da wannan tun kafin a fara kawo ƙarfen nan mai ƙugi a sama." Ta kama gemun Klemens ta girgiza. "Ashe kai ka gaji hannunsa, ɗan banza. Duk yawon da ka yi, ashe hannun yana aljihunka."

Aka yi ta tafi, har Dorte tana share hawaye. Tsohuwa ta tura kofin giyar ƙungiya gefe da bayan hannu, ko duban wanda take yi wa magana ba ta yi ba.

"Ottmar, kawar da wannan. Ƙara min ta babanku."

Ya tashi ya karɓi kwalbar daga hannun ƙaninsa, ya zuba mata. Fuskarsa ma da murmushi, domin Ottmar mutum ne mai ta ciki na ciki. Baƙi su wuce ƙofarsa, ya jure. Suna ya tafi jikin kwalbar wani, ya jure. Amma uban? Shi da ya riƙe masa turke yana yaro, shi da ya rufe masa ido ran da ya cika, shi da yake ɗaga matar da ya bari safe da yamma? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wannan yinin ya tsani Klemens tsana ta gaskiya, wadda babu wasa a cikinta, kuma Alwine kaɗai ta gani.

A makon aka yi ruwa, rana ta biyo baya da zafi, aka sa ranar feshi. Klemens da Dorte sun tafi kai giya Köln, sai yamma za su dawo. Da gari ya waye Ottmar ya tare hanyoyi, ya kafa tutar rijiya da ta amya, sannan ya saɓa sauran huɗun ya kama hawa.

Da ya kai ƙololuwa sai ya zauna a kan katangar dutse yana mai da numfashi. Ciyawa ta jiƙe da raɓa, ƙadangaru sun fara fitowa shan hantsi. Bai taɓa tsayawa ya dubi gonar da kyau ba, kullum kafawa yake ya juya. Yau ya duba. Kowane itace an lanƙwaso masa rassa biyu an ɗaure a turke kamar hannuwan tulu, ba da waya ba, da tsumagiyar itacen bakin kogi, an murɗe bakin an soke ta ƙasa. Ɗaurin Matthes ke nan sak. Shi Ottmar ya daina irinsa tun da aka kawo waya mai sauri. Maimakon abin ya sanyaya masa rai, sai ya ƙara hura wutar. Wa ya koya wa yaron nan? Yaushe ya tsaya ya kalla, alhali kullum yana bakin kogi yana jifan agwagi?

Ya dubi tutocin a cinyarsa. Ba sai ya yi komai ba, abin da zai yi kawai shi ne ya ƙi yi. Jirgi zai wuce sau ɗaya, masu duba ganye su zo su gutsura su kai ɗakin gwaji, a ƙwace tambari. Shekara uku ba motoci, kuma Klemens ya haura hamsin, ba lallai gwiwoyinsa su sake ɗaukar wasu ukun ba. Zai dawo ya zama Auta mai karɓar buhun dankali, shi kuwa Ottmar zai tsaya masa a teburin Berta kamar da. In an tambaya, iska ce ta kwashe tutoci, ai an yi hadari. Ya tashi ya cusa su a wani rami cikin katangar, ya toshe da dutse, ya sauko.

Jirgin ya ɓullo ta bayan coci da ƙuginsa. Matuƙin, wani dogo mai suna Harro, ya fi shekara goma yana yi musu feshi. Muryarsa ta fito ta oba-oba.

"Mai Tuta, an tashi lafiya? Komai daidai?"

"Daidai," in ji Ottmar.

Jirgin ya fara daga ƙasa, yana tafe yana zubo farin hayaƙinsa a kan layuka, ya kai ƙarshe ya juyo, kowane zagaye yana ƙara hawa. Ottmar na tsaye a bakin hanya, babban yatsansa a kan maɓallin oba-oba. Kalma biyu ta isa: tsallake ƙololuwa. Da daɗi a ce a nan ne zuciyarsa ta karye ya danna, amma ba haka aka yi ba. Bai danna ba. Ya tsaya ido buɗe yana kallo har jirgin ya daidaita da gonar ƙaninsa.

Sai farin hayaƙin ya ɗauke ɗif. Jirgin ya ratsa saman gonar fayau, ya ba ta tazara mai kyau, sannan ya sake buɗe feshi a gonar gaba. Ya juyo ya sake yin haka, ya kuma sakewa, har ya gama dutsen.

Ottmar ya samu Harro a filin ƙwallo inda jirgin ke sauka, yana zaune a kan jarka yana cin burodi da tsiran alade.

"Yau ka manta da tutocin ƙaninka," in ji Harro da cikakken baki. "Tsufa ya fara sallama ke nan, Mai Tuta."

"Iska ce, ina jin," in ji Ottmar. "To ya aka yi ka tsallake?"

Harro ya kwashe da dariya har ya ƙware. "Wai 'yan tsummokaran nan naka masu kama da hankici? Baba, ka taɓa ganin dutsen nan daga sama? Duk kun aske shi ƙwal kamar kan mai sanƙo, gonar ƙaninka ce kaɗai tukku, kore shar. Ko ido ɗaya gare ni ba zan ɓata ba. Ni rabona da neman tutarka a wurin tun zuwana na farko."

"Tun zuwanka na farko."

"Wallahi. Amma ka ci gaba da kafawa, ka san doka ce." Ya ga yadda fuskar dattijon ta koma, sai ya sassauta murya ya dafa shi. "Haba, kar ka sa a ranka. Mantuwa ce, kowa na yi. Ba mai ji a bakina."

Da Harro ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ottmar ya sake kama hanyar ƙololuwa cikin rana tsaka, ya zaro tutocin daga rami, ya karkaɗe su. Ya aikata abin da zai bi shi har kabari, kuma ko ganye ɗaya bai motsa ba. Ya kuma gane cewa duk hawan da ya yi shekara da shekaru aikin baban giwa ne. Giyar ba ta taɓa zama a hannunsa ba. Ciyawar da ya yi ta yi wa dariya ita ke tsaron kanta. Ya rasa wanne ya fi ƙona shi, laifin ko rashin amfanin laifin.

Da la'asar motar Klemens ta tsaya a ƙofar gida. Bai ko kashe ta ba, ya leƙo da kai ta taga.

"Yaya, an ce jirgi ya zo ya tafi lafiya. Sannu da aiki."

"Yawwa."

"Ka san Dorte duk hanya tana ta addu'a? Ranar feshi ba ta iya cin abinci. Na ce mata ke dai kina wahalar da kanki. Dutsen nan zai iya zamewa ya faɗa kogi, amma Yaya ba zai manta da tuta ba."

Ottmar ya dubi tayar motar. "Ka rage ciyawar nan taka," ya ce. "Macizai za su fara sauko mana."

Klemens ya yi dariya ya ja motarsa.

Ottmar ya shiga gida, ya wuce ɗakin tsohuwa da ke gyangyaɗi, ya ɗauki kofi a kicin ya sauka ɗakin ƙasa. Akwatunan suna nan a jere har sun kusa kai masa ƙirji, kowanne da rubutun allinsa. Ya ɓalle na sama, ya zaro kwalba, ya buɗe. So yake ya ji ba daɗi. Bai taɓa roƙon Allah wani abu da gaske kamar yadda ya roƙi wannan ba.

Ya kurɓa. Da farko ɗan tsami ne mai wartsakarwa, sai wani sanyi kamar ruwan da ya fito daga cikin dutse, sai wani abu a can ƙarshen harshe da ya ƙi tafiya. Ya san shi. Yana da shekara bakwai ya fara jin sa, ran da Matthes ya tsoma yatsa a kofi ya ɗiga masa a baki ya ce kar ya gaya wa uwarsa. Tsohuwa ba ruɗewa ta yi ba. Abin nan yana can ƙololuwa tun fil azal, a cikin tsofaffin itatuwan da ya ƙi ko ɗaga kai ya kalla ranar rabo, irin waɗanda ya tumɓuke a tasa gonar ya ƙona.

Alwine ta tsaya a saman matakala, hannunta a cikin tsumman goge kwano. Ta ga kwalbar, ta ga tutocin da ya jingine a bango.

"Ya ka ji ta?"

"Tsami."

"To zubar mana."

Ya sake cika kofin.

Wanda ya ce hassadar ta warke daga ranar bai san Ottmar ba. Da can yana ƙyashin abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba ne, yanzu kuwa ya san ainihin abin da ya bari. Har yau in ƙanƙara ta sauka ƙololuwa yake fara kallo. Baƙi na tsayawa suna tambayar gidan Lenartz, ya daina cewa shi ne, da haɓa kawai yake nuna musu sama. A teburin Berta in wani ya tsokane shi ya ce, "Mai Tuta, har yanzu giyar tana hannunka?" sai ya kira Berta ya tambaye ta ko miya ta nuna.

Amma duk ranar feshi yana riga kowa tashi, ya saɓa tutocinsa huɗu ya hau da gwiwoyin nan masu ƙara. Yakan kafa kowacce a kusurwarta, ya tattaro duwatsu ya danne gindinta sosai, ya ja baya ya duba ko ta miƙe, sai ka ce akwai mai kallo daga sama.